Orca ya ƙi yin ƙara: haruffa na ta motsi amma shiru kake ji, ina na kuskure?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu haɗa kiɗa da kwamfuta ku agaza min kafin in yi jifa da laftof ɗin nan.

Wajen sati biyu ke nan na ci karo da wani bidiyo, baƙin allo ne kawai cike da ɗige-ɗige kamar gidan dara, mutumin sai jefa haruffa yake nan da can, ya sa D ya sa T ya goge wani, kuma duk abin da ya taɓa nan take sai ka ji kiɗan ya sauya, ba fiyano ba ganga ba komai. Na kalla ya fi sau goma. Da na bincika sai na gano sunan abin Orca, kuma kyauta ne.

Da farko ma ba shi na nufa ba, TidalCycles, wata manhajar haɗa kiɗa da rubutun kod, na so sakawa don shi aka fi ambata, amma sai ka saka Haskell, ka saka SuperCollider, ka ƙara wani SuperDirt a kai, ina tsakiyar saukewa aka ɗauke wuta, batirina kuma minti 40 ne iyakarsa, data ta tafi a banza. Shi ne na haƙura na koma Orca. Shi kam ya buɗe lafiya lau. Na kwafi abin da na gani na rubuta:

d8
.:03C

Lambar da ke ƙasan allo tana ta ƙirgawa, wato dai yana tafiya, amma wallahi ko ƙus. Na ƙure bolum, na sa iyafis, na cire, na kashe kwamfutar na kunna, na goge shi na sake saukewa. Shiru. Windows 10 ce, RAM 4, tsohuwa ce ta hannu amma YouTube na yin ƙara a cikinta ƙalau, don haka ba lasifika ba ce.

Sannan ni ban san komai a notocin kiɗa ba, C da G duk ɗaya ne a wajena, shin dole sai na koye su tukuna? Kuma abin da ya fi damuna, ana iya fitar da irin kiɗanmu da shi, ko kalangu-kalangu haka, ko sai dai irin dum-dum ɗin turawa?

Injiniya_Mai_Waya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ajiye laftof ɗinka, ba ta yi laifin komai ba. Kusan duk wanda ya fara Orca sai ya faɗa ramin nan, ni kwana uku na yi a ciki.

Orca ba ya yin ƙara. Ko kaɗan. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka yi shi. Ka ɗauke shi a matsayin hannun makaɗi, ya san lokacin da zai buga da inda zai buga, amma gangar ba ta hannunsa, kai ne za ka kawo ta. Abin da yake yi shi ne tura saƙo, ko ta MIDI ko ta UDP ko OSC, wato hanyoyin da manhajoji da na'urori ke aika wa juna saƙo, yana cewa buga nota kaza yanzu, to in ba wanda ke sauraro a ɗaya ɓangaren sai saƙon ya tafi iska. Shi mai bidiyon da ka gani akwai wata manhajar sauti a ɓoye a bayan allon, bai nuna maka ita ba ne kawai.

A Windows abu biyu kake buƙata. Na farko loopMIDI, wata 'yar mitsitsiyar manhaja ce ta Tobias Erichsen, kyauta, aikinta ta ƙirƙiri wayar da ba a gani tsakanin manhaja biyu. Ka buɗe ta ka danna alamar + a ƙasa, za ka ga layi ɗaya ya fito, shi ke nan ka bar ta a buɗe kar ka rufe. Na biyu abin da zai yi ƙarar, kuma tunda RAM ɗinka 4 ne ina ba ka shawarar SunVox, ba ta da nauyi, a kwamfuta kyauta ce, ko sakawa ba a yi, ka warware fayil ɗin kawai ka danna. A cikinta ka shiga Preferences, wajen MIDI, ka zaɓi wayar loopMIDI ɗin nan, sannan ka danna kan ɗaya daga cikin akwatunan sauti, misali Analog Generator, ka tabbata an ja masa layi zuwa Output.

Sai a ƙarshe ka buɗe Orca. Tsarin nan na da muhimmanci, in ka riga buɗe Orca kafin loopMIDI yana iya ƙin ganin wayar, sai ka rufe ka sake buɗewa. Ka danna Ctrl da ɗigo, zai riƙa zagaya na'urorin fitarwa, ka tsaya in ka ga sunan loopMIDI a ƙasan allo.

Akwai gajeriyar hanya kuma, Pilot, su masu Orca ɗin ne suka yi shi don ya zama abokin tafiyarsa, ba ruwansa da MIDI, ta UDP yake sauraro a ƙofa 49161, maimakon : sai ka yi amfani da ; ka rubuta kamar ;04C. Amma wannan sai Orca ɗin da aka sauke, na cikin burawuza ba ya iya tura UDP. Ni dai na fi son ka sha wahalar MIDI ɗin sau ɗaya, domin da ita za ka haɗa shi da komai daga baya.

To sai kuma abin da ka rubuta, ka duba da kyau, ƙaramin d ka sa. A Orca babban harafi yana aiki a kowane taku, ƙarami kuwa barci yake sai tauraro * ya bayyana a gefensa ya tashe shi. Ke nan ko da ka haɗa wayar daidai da shiru za ka ci gaba da ji. Ka mayar da shi D8, za ka ga tauraro na ƙyaftawa a ƙarƙashin D duk bayan taku 8, shi ne ke zungurar alamar : ɗin. Lambobin bayanta kuma, 0 canel ne wato layin da saƙon zai bi, 3 oktef wato kaurin muryar ko sirantarta, C nota. Kana iya ƙara biyu a baya, ƙarfin bugu da tsawon notar.

Wani abin da ke ruɗa mutane, kowane gida harafi ɗaya yake ɗauka, to ya za a rubuta 12? Shi ya sa ƙirgarsa daga 0 zuwa 9 sai a ɗora da haruffa, a shi ne 10, b 11, c 12, g 16, har z 35. Ka rubuta wannan a takarda ka manna a gefen kibod, ni tawa har yau tana nan duk ta yi baƙi. In ka manta aikin wani harafi Ctrl da G zai fito maka da jerinsu.

Gwada wannan in ƙarar ta zo:

.4C5......
D405TCDEGA
.:03C.....

C na sama agogo ne, yana ƙirga 0 zuwa 4 yana zubawa a ƙasansa, T kuma ya ɗauki lambar ya zaɓo nota daga cikin biyar ɗin da ke gabansa ya ajiye ta daidai gidan da : ke karanta nota. Notocin nan biyar duk yadda ka jujjuya su ba sa faɗa da juna, don haka ba sai ka je makarantar kiɗa ba tukuna, ka yi ta sauya musu wuri kunnenka zai gaya maka.

Mai_Fiyano:

Hmm. Ni fa yaran yanzu kuna ba ni mamaki wallahi. Shekara goma sha ina situdiyo, in mawaƙi ya zo ya rera min sau biyu na riga na kama, in ɗora hannu a fiyano cikin minti ashirin an gama gangar jikin kiɗan, ku kuma kun zauna kuna lissafin a shi ne 10 b shi ne 11 kamar masu jarrabawar lissafi, kiɗa fa a hannu yake da ƙirji ba a kibod ba.

Amma dai tunda ka tambaya. In akwai wanda ka sani mai fiyano irin Yamaha PSR, ka duba bayanta akwai ramin da aka rubuta USB TO HOST, wayar firinta ce ke shiga, ka haɗa da laftof, ba ka buƙatar wani loop kaza, Orca zai gan ta a matsayin na'urar MIDI kai tsaye, sautin kuma daga fiyanon zai fito ba ruwan RAM ɗinka. Wani yaro da ke zuwa wajena ya taɓa gwadawa da tawa, ina zaune sai ga fiyano tana kiɗa ba kowa a gabanta, mai kawo mana shayi ya leƙo ya ga haka ya ce a'uzubillahi ya juya da tiren.

Abin da ya ba shi wahala ranar shi ne ganguna. A ƙa'idar General MIDI ganguna a canel 10 suke, shi kuma ya yi ta rubuta a yana cewa ai a ne 10, ba abin da ke fita sai wani sauti daban. Ashe shi Orca daga sifili yake fara ƙirga, canel 1 shi ne 0, to 10 ya zama 9. Da ya sa :91C sai ga babbar ganga, :91D ƙaramar mai tas-tas, :91f kuma faranti, don ƙaramin harafi a gidan nota yana nufin baƙin maɓalli na gaba. In naka bai ba da haka ba ka ɗaga oktef ɗin ko ka sauke har ka dace. In kuma manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio gare ka, ka danna F10, ka kunna wayar a wajen shigarwa.

Maganar kalangu kuma ka bari kawai ƙanina.

Malamar_Kwamfuta:

Sannunku. Injiniya ya gama bayani, ni gefe guda zan ɗan taɓa, don ina koyar da yara 'yan sakandare kwamfuta kuma na ga inda suke karaya.

Mutum in ya kwana biyu bai ji ƙara ba zuciyarsa ke mutuwa, shi ya sa ni ba na fara wa kowa da abin da sai an haɗa waya. Tunda TidalCycles ka so tun farko, ka buɗe strudel.cc a burawuza. Salon Tidal ɗin ne aka dawo da shi cikin burawuza, Alex McLean mai Tidal da Felix Roos suka faro shi a 2022, ba Haskell ba SuperCollider. Ka goge abin da ke ciki ka rubuta s("bd sd") ka danna Ctrl da Enter, za ka ji ganga nan take, Ctrl da ɗigo ya tsayar. Ko a waya yana yi, sai dai rubutun da wahala, kuma karon farko yana ɗan cin data wajen ɗebo sautukan, wani lokaci zagayen farko ya wuce shiru kafin su iso, kar ka ce ya lalace.

Wanda nake sa wa yara a aji kuwa Sonic Pi ne, na Sam Aaron, a Jami'ar Cambridge aka faro shi don koyar da 'yan makaranta a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, yana zuwa da sautukansa a ciki, in ka sauke sau ɗaya ba ruwanka da intanet. Akwai wata ganga a ciki sunanta :bd_haus, ranar da yarana suka gan ta ajin ya kaure wai an sa gangar Hausa, da ƙyar na fahimtar da su cewa kiɗan house ake nufi, har yau wasunsu ba su yarda ba, gangarmu suke ce mata.

Ban ce ka bar Orca ba fa. Bambancin shi ne su waɗannan jimla kake rubutawa daga hagu zuwa dama ka tura, shi kuwa Orca inda ka ajiye harafi shi ne ma'anarsa, ka matsar da shi gida ɗaya komai ya rushe. Wasu kansu ya fi kama wannan, musamman waɗanda rubutun kod ke ba su tsoro.

Kuma Malam Mai Fiyano a yi mana afuwa, su masu wannan harkar ba gasa suke da ku ba. Tun 2004 da suka kafa ƙungiyarsu TOPLAP a Hamburg ta Jamus al'adarsu ita ce a haska allon a bango kowa ya ga abin da kake rubutawa, har kuskurenka. Casun da suke yi da shi, algorave, a Landan aka fara a 2012. Abin kallon shi ne yadda kiɗan ke ginuwa a gaban mutane, in ya ɓaci a gyara ana rawa.

Sabon_Shiga:

Jama'a YA YI!!! Allah ya saka da alheri, Injiniya Allah ya ƙara basira.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe ɗaya na dare, na tashi na bi yadda ka ce ɗaya bayan ɗaya, loopMIDI, SunVox, sannan Orca. Na gyara D ɗin, tauraro ya fara ƙyaftawa, amma har lokacin shiru, na kusa kuka, ashe ban danna Ctrl da ɗigon ba. Ina dannawa kuwa, kun tuna na ce na ƙure bolum? To ban rage ba, kuma na haɗa da lasifikar bulutut. Wani irin TIIIT ya tashi duk gidan, Hajiyarmu ta fito tana salati ta ɗauka mita ce ta kama da wuta, na ce kiɗa nake koyo, ta tsaya ta kalli allon ta kalle ni ta ce wannan ɗige-ɗigen ne kiɗa, Allah ya shirye ka, ta koma.

Na sa na notoci biyar ɗin nan, na yi awa biyu ina jujjuya su ban san lokaci ya tafi ba. Malama na gwada Strudel ɗin ma a waya ya yi, amma gaskiya zuciyata na wajen gidan darar nan.

Saura matsala biyu. Tauraron na ƙyaftawa sai bayan ɗan lokaci ƙarar ke fita, ba sa tafiya tare. Sannan na ƙara layi na biyu don ganga na sa canel 1, amma duk sauti ɗaya suke fitarwa, wanda na danna a SunVox shi ke yin duka. Kuma Malam Mai Fiyano ban haƙura da kalangun nan ba fa.

Injiniya_Mai_Waya:

Hhhh a gaida Hajiya, a ba ta haƙuri.

Lattin nan bulutut ne, haka yake, sai ya tara sautin kafin ya tura. Sa iyafis mai waya ka gani. In har yanzu akwai saura ka shiga Preferences wajen Audio a SunVox ka rage bafa, wato yawan sautin da take tarawa kafin ta fitar, amma kar ka rage da yawa, tsohuwar kwamfuta sai ta fara ƙarar-ƙarar kamar ana soya ƙwai. Kuma ka sani lattin bai ɓata kiɗan ba tunda duk notocin tare suke makara, ido ne kawai ke jin haushi, sai ranar da za ka buga tare da wani mai kiɗa da hannu zai dame ka.

Na biyun, SunVox na tura komai ga akwatin da ka zaɓa ne sai in ka raba musu. Danna kowane akwati sau biyu, a wajen MIDI IN ka mayar da shi always, ka ba shi canel ɗinsa, ka tuna maganar Mai Fiyano, 0 na Orca shi ne 1 a can, 1 shi ne 2. Don ganga ɗauki DrumSynth, a cikinsa C babbar ganga ce, F faranti, G zuwa sama mai tas-tas.

Yanzu maganar kiɗanmu. Abin da ke sa ka ji dum-dum ɗin turawa shi ne kowa na fara da 4 da 8 da 16, domin Orca taku 4 yake ƙirgawa a bugu ɗaya, kuma yana buɗewa a gudun 120. Amma ba wanda ya ɗaure ka a nan. Sa D3 a kan wata ganga, D4 a kan wata, ka saurara, za su rabu su yi ta kewaye juna sai a taku na 12 su haɗu, nan take za ka ji jikinka ya gane abin. Sannan ga harafin U, shi raba bugu yake daidai-wa-daida a cikin zagaye, 3U8 bugu uku cikin takwas, 7Uc bugu bakwai cikin 12. Wani masanin kwamfuta a Jami'ar McGill ta Kanada, Godfried Toussaint, shi ya nuna a 2005 cewa wannan rabon na lissafin Euclid yana fitar da kiɗe-kiɗen gargajiya da yawa, kuma bakwai cikin 12 ɗin nan shi ne bugun ƙararrawar da aka sani a kiɗan Ghana da maƙwabtanta, sai dai inda ake fara shi ya bambanta. A Strudel ma akwai, s("bd(3,8)"). In kana son kashe layi ba tare da gogewa ba ka sa # a farkonsa da ƙarshensa.

Ka riƙa ajiye aikinka da Ctrl da S tunda wutarku ba tabbas, fayil ɗin rubutu ne zalla, ko a WhatsApp ka manna shi zai tafi. Su kansu masu Orca ɗin, Hundred Rabbits, mutum biyu ne, Devine Lu Linvega da Rek Bell, a cikin jirgin ruwa mai filafilai suka yi shekaru suna zaune, sunansa Pino, suna caji da sola, sun san zafin batir ya mutu ana tsakiyar aiki da intanet mai tsada, shi ya sa kayansu ba su da nauyi. Akwai ma wani Orca ɗin da aka rubuta da yaren kod na C da ke gudu a tamina, wato baƙin allon rubuta umarni, in wata rana ka sa Linux a tsohuwar nan shi zai fi yi mata sauƙi.

Kalangu kuma akwai alamar ? mai lanƙwasa murya sama ko ƙasa, in ka samu sautin kalangu guda ɗaya mai tsabta ka zuba a Sampler kana iya jan sa.

Mai_Fiyano:

Injiniya na yarda da uku da huɗun nan, na gwada da yatsu a kan tebur yanzu, haka ne. Amma lanƙwasa murya ai ni ma ina da ita a fiyano, ga ƴar tayar nan a hagu, shekara nawa ina murza ta ban taɓa yaudarar kowa ba. Makaɗi fa hammata yake matse tsarkiya da ita yana saki, kafin gula ta sauka ya fara matsawa, bayan ta sauka yana ci gaba, kuma magana yake yi, yana ganin wanda ya shigo fili ya sauya take ya kira kirarin gidansu, wani bugun ma da gangan yake jinkirta shi kaɗan don mai rawa. Naku kuwa komai a kan taku yake cif kamar faretin soja.

Ƙanina in da gaske kake, ka nemi makaɗi a unguwarku ka ba shi na goro ya buga maka ɗaya-ɗaya, sakakke da matsattse da na tsakiya, ka ɗauka da waya a ɗaki mai labule ba fanka, ka yanka su uku ka ba kowanne notarsa, ya fi maka jan guda ɗaya kamar roba. In ka haɗa ka turo mu ji, ni zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi.

Sabon_Shiga:

To Yallabai na karɓa. Akwai wani dattijo da ke yi wa mahauta kiɗa a bayan layinmu, gobe in Allah ya kai mu zan same shi, ban dai san yadda zan yi masa bayanin abin da zan yi da shi ba.

Injiniya na cire bulutut lattin ya tafi, canel ma sun rabu. Amma 7Uc ɗin da na sa kusa da D4 sai ya haukace, ina ga 4 ɗin da 7 ɗin sun manne ne ko kuwa U ɗin na cin wani abu a gefensa, gida nawa ya kamata in bari tsakaninsu? Batir saura kashi 9, in ban amsa ba an ɗauke ne.